Kunkurun Gidanki Ya Ƙi Cin Ganye?

 Yau zancenmu a kan wani baƙo ne marar magana, wanda ya ke zaune a gidaje da dama, watau kunkuru.

Da na gama Makarantar Horon Malamai na komo gida Mashi, sai na tarar ƙanwata ta ajiye wani ɗan kunkuru a bayan rumbu. Ta sabar masa da ragowar tuwo da tumatir, har ya zama ko ganye aka ajiye masa sai ya shinshina ya juya. Da na duba ƙoƙon bayansa, na ga ya fara tudu-tudu, gefensa kuwa da ɗan taushi. Wannan alamar cuta ce, in an ƙyale ta takan kai shi ga mutuwa.

Ki sani, 'yar'uwa, babban kunkurun nan na ƙasarmu shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya. Ana samunsa a gefen Sahara, tun daga Senegal har Habasha, yakan kuma wuce shekara 50 a raye. A daji makiyayi ne kamar tunkiya, ciyawa ce abincinsa. Tuwo da shinkafa da nama ba su dace da cikinsa ba.

To, ga yadda muka yi da namu. Da fari muka samo ƙirikiri da harkiya, da ganyen kabewa da na yakuwa, da ɗan zogale. Muka yayyanka su ƙanana ƙwarai, muka matse tumatir a kai, muka cuɗa, yadda ba ya iya tsince abin da ya ke so ya bar saura. Kowane mako sai mu rage tumatir, mu ƙara ciyawa. Tuwo kuwa tun ran farko muka hana.

Sa'an nan muka lura da lokaci. Kunkuru kamar ƙadangare ya ke, jikinsa ba ya ɗumama kansa, sai ya sha rana ya ke jin yunwa. Saboda haka da hantsi za ki ba shi abinci. Da hunturu yakan rage ci, kada wannan ya tsorata ki.

Domin ƙoƙon bayansa, ki dafa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka shi lilis, ki barbaɗa kaɗan a kan ganyen sau biyu a mako. A cikinsa akwai kalsiyam, watau abin da ke gina ƙashi, hasken rana kuwa shi ke taimakon jiki ya amfana da shi. Ki ajiye masa ruwa a kasko marar zurfi, ki bar masa inuwa da wurin haƙa rami. Ki nisanta shi da tumfafiya da zaƙami, gama dafi gare su. Duk yaron da ya taɓa shi, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, don kashinsa yakan ɗauki ƙwayar cutar gudawa.

Namu ya yi kwana 3 yana fushi, ƙanwata har da hawaye. Ran na huɗu yunwa ta sa ya ci. Bayan mako 6 sai ga shi yana kiwo da kansa a gindin katanga. Sannu ba ta hana zuwa. In naki ya yi mako bai taɓa kome ba, ko hancinsa yana yoyo, ki kai shi wurin malamin dabbobi.

Abu ɗaya ya rage. A shekarar 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin wannan kunkuru cikin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Kada ki sa a kamo miki wani daga daji. Wanda ya ke hannunki kuwa, tun da ke kika tsare shi, haƙƙin cinsa yana wuyanki.