SAFAYA A BAYAN MOTA: A KAN ƘOFA KO A KAN SHASI?

Duk falken da ke bin kasuwannin shanu daga Garwa ya san cewa kwalta ba ta kai mutum har inda dabba take. Babban titin da ya taso daga Ngaundare ya ratsa Ngong da Garwa da Pitowa da Figil ya nufi Marwa yana da amfaninsa, amma mai neman shanu a rugagen Mayo Rai, ko bayan Adumri, ko wajen Tuboro da Mbaibum inda Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗa iyaka, dole ya sauka ya shiga gargada da yashi da kwari. A irin waɗannan wurare, 'yan uwa, taya guda da ke rataye a bayan mota ita ce tsakanin mutum da kwanan daji. Kwanan daji da kuɗin shanu ashirin a jaka kuwa ba wasa ba ne. Waɗanda suka yi fatauci a shekarun 1990, lokacin da zargina ke tare hanya a ranakun kasuwa, ba sa bukatar a yi musu bayani.

To, maganarmu a yau ita ce mazaunin wannan taya, domin yawancin gyaran da ake yi masa a garejinmu, ɓarna ce ake biya da kuɗi.

Kowace mota da inda kamfani ya ajiye mata safaya. Hilux da Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, a ƙarƙashi suke ɗauke da ita, ana sauke ta da sarƙa. Pajero da Patrol da doguwar Land Cruiser 78 kuwa a jikin ƙofar baya take. Kowanne da ciwonsa. Ta ƙarƙashi ita ce ke fara dukan ƙasa idan mota za ta haura daga cikin mayo, kuma baƙin laka na damina kan cika sarƙar ya bushe kamar siminti, ranar da ake nema ta ƙi sauka. Idan mota ta nutse a taɓo har gindi, ai sai an haƙa rami kafin a kai gare ta. Ga shi kuma ido ba ya ganinta, sai a shekara ba a duba iskarta ba.

Wannan ne ya sa mutane ke cewa mai walda ya ɗago ta ya manna a ƙofa. Masu ta ƙofa kuma su ce a ƙara musu ta biyu, ko su sa babbar taya a mazaunin ƙarama. Al'adar ta ƙara ƙarfi bayan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sa'ad da kayan mota na waje suka yi tsada, kowa ya koma ga abin da za a iya haɗa masa a gida. Ba laifi ba ne a haɗa a gida. Laifin shi ne a ɗora wa ƙofa abin da ba nata ba.

Dalili kuwa shi ne, taya mai lamba 7.50R16 tare da wilinta na ƙarfe ta haura kilo 30. Ƙofa kuma gwangwani ne marar kauri da ke rataye a kan hinji biyu ko uku. Mai karatu ya gwada ɗaukar bokitin ruwa a jikinsa, sa'an nan ya miƙe hannu da shi, zai ji bambanci, alhali ruwan bai ƙaru ba. Haka taya take yi wa hinji, gwargwadon nisanta da shi gwargwadon yadda take jan sa. A kan gargada kuma ba sau ɗaya take ja ba, kowane ƙunci na hanya bugu ne, daga safe har yamma. Kamfani ya yi lissafin taya guda mai girman da ya sa. Ba a yi lissafi da ta biyu ba.

Alamomin ba sa ɓuya. Da farko ƙura ta fara shigowa ta baya ta rufe fasinja. Daga nan ƙofa ta sunkuya, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Sai fenti ya tsage kewaye da notunan mazaunin, a ga jan tsatsa siriri kamar zare. Wanda ya ga wannan zaren ya sani ƙarfe ya riga ya tsage a ƙarƙashi. Abin da ya rage shi ne ranar da ƙofa za ta buɗe da kanta a kan gudu, ko taya ta ɓalle ta bi hanya, Allah Ya kiyaye in da mai babur a baya.

Wasu kan ce to a jefa ta saman mota. Wannan ya raba ta da ƙofa, amma ya kai nauyi inda mota ta fi ƙin sa, musamman a gangaren dutsen Ngaundare ko a hanyar da ta karkace. Kuma a tambayi yaron mota yadda ake sauko da kilo 30 daga sama cikin ranar watan Afrilu a Garwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

GYARAN DA YA DACE

Nauyin safaya na shasi ne. Abin da za a ce wa mai walda shi ne ya haɗa bamba mai ƙarfi da ke kama ƙarshen shasi hagu da dama, a kanta kuma a kafa hannu mai buɗewa kamar ƙyauren garka, taya ta zauna a jikin hannun, ƙofa ta huta.

A nan ne ya kamata mai mota ya tsaya da kansa, kada ya aika yaro. Kada a yarda a yi walda a jikin shasi. Zafin wuta yana canja ƙarfen, kuma daga gefen walda tsaga ke farawa. A yanka faranti mai kaurin milimita 6 ko fiye, a ɗaure shi da ƙusoshi a ramukan da kamfani ya riga ya huda. A duba kan kowace ƙusa a ga an rubuta 8.8 ko 10.9. Wadda ba ta da rubutu ta gadon kwana ce, araha kuwa ba ta ado. In tilas ta sa za a kunna wuta kusa da mota, a cire batir, a kuma tuna inda tankin mai yake.

Wurin juyawar hannun shi ne zuciyar aikin. Fayif a cikin fayif, irin na ƙofar shago, wata biyu ya isa ya fara ƙara, ƙara kuwa ita ce farkon karaya. Gara a nemi tsohon kan aksil da boris ɗinsa biyu wajen masu kayan gwangwan, a cika shi da giris, a yi masa murfi saboda ƙura. Ɗaya ƙarshen hannun kuma kada ya tsaya a iska. A yi masa matashi na ƙarfe da guntun roba a kan bamba, ya hau ya zauna, yadda nauyi zai rabu biyu. Sakata ta matse shi sosai, a ƙara da ƙusar tsaro mai sarƙa, domin sakata guda ba abin dogara ba ce a gargada. Taya ta matso kusa da bodi iyakar yadda za ta yiwu ba tare da ta goge shi ba.

A nawa ganin, a kafa wurin juyawar a hannun dama. Kamaru da Chadi da Nijeriya duk a dama ake tuƙi, saboda haka hannun da ke buɗewa ta hagu yana tura taya cikin hanyar tirela, ya kuma rufe fitilar da mai zuwa daga baya ya fi bukatar gani. A yi masa abin riƙewa idan an buɗe, kada ya dawo ya maƙure mutum a kan gangare.

Akwai wani abu da ya sha kunyata mutane a kasuwa. Hilux mai giyar daji da Land Cruiser 75 da 80 ƙusa shida ne a wilinsu. Samfurin 78 da 79 da suka fito a 1999 kuwa biyar ne. Wanda ya sayi safaya ta biyu a Mubi ko Yola bai ƙirga ramuka ba, ya sayi kaya ne kawai. Mazaunin ma a sa masa ainihin ƙusoshin wili da notunansu, ranar da noti ya ɓace a yashi a sami na aro a nan. Bakin busa iska ya kalli waje don a riƙa gwadawa ba sai an sauke ba. A yi wa tayar riga ta tamfol saboda rana, a sa kwaɗo saboda tasha.

Sai maganar hukuma. Idan taya ta rufe lamba, an bai wa jandarma dalili, haka 'yan kiyaye haɗura da zarar an haye Nijeriya. A mayar da lambar inda za a gan ta, a ja mata wayar fitilarta, tun kafin ranar kai mota binciken lafiya.

Wannan gyara ba kyauta yake zuwa ba. Bamba da hannu da taya nauyi ne da ke zaune can bayan tayoyin baya, yana danne sifirin, yana kuma sa gaba ya yi sakayau idan an ƙara buhunan dusa da jarkokin mai. Shi ya sa wanda motarsa ba ta wuce Pitowa ranar Lahadi ta dawo, kuma ƙofarsa lafiya lau take ɗauke da tayar kamfani, ba sai ya taɓa komai ba. Ya sabunta robobin da ƙofa ke jingina a kai, ya riƙa matse noti. Wanda ya yi gyaran kuwa, bayan tafiyar farko ya shiga ƙarƙashi da sufana ya sake bin ƙusoshin shasi ɗaya bayan ɗaya, domin sabon fenti da ke tsakanin faranti da shasi kan murje, ƙusa ta saki.