Shirin Musamman: Masuntan Kogin Yangtse Sun Hau Tudu

 Yau shirin namu zai leƙa ƙasar Sin, bakin kogin Yangtse, wanda ya fi kowane kogi tsawo a nahiyar Asiya, kimanin kilomita 6,300.

Tun kaka da kakanni har zuwa 'yan shekarun baya akwai iyalai a kan wannan kogi da manyan tafkunansa, irin su Poyang a lardin Jiangxi da Dongting a lardin Hunan, waɗanda ba su mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. A jirgi ake haihuwarsu, a jirgi suke aure, a nan suke tsufa. Sau da yawa iyali kan riƙe jirgi biyu: babba na kwana, wani ma da siminti aka ƙera shi, sai ƙaramin kwalekwale na fita su. Yaro na fara rarrafe, uwa za ta zarga masa igiya a ƙugu ta ɗaure a jikin jirgi, sannan ta samu sukunin hura wuta. In an zauna cin abinci kuwa, da yawansu ba sa juya kifi a faranti. In an cinye gefe guda sai a zare ƙayar a ci gaba, don camfin cewa mai juya kifi jirginsa ne zai kife.

To, kifin ne ya fara ƙarewa. A shekarar 1954 an kama sama da tan dubu 420 a kogin, amma daga baya abin da ake kamawa a shekara bai kai tan dubu 100 ba. A 2006 masana suka yi makonni shida suna bin kogin neman baiji, wani farin dolfin da babu irinsa sai a Yangtse, ba su ga ko ɗaya ba. A wannan shekara ce wani masanin kifaye mai suna Cao Wenxuan ya fara kiran a rufe kogin shekara goma cur. Da ma tun 2003 akan hana kamun kifi na 'yan watanni lokacin da kifi ke ƙwai, amma hakan bai magance ba. Ranar 1 ga Janairun 2021 dokar shekara goma ta fara aiki. Masunta wajen dubu 231 suka ajiye sana'a, aka karɓe jirage kusan dubu 111.

Ku ƙaddara tafiyar ƙarshe ta irin wannan iyali. Maigida ya ta da inji, uwargida ta ƙulle tukwane da barguna, aka nufi inda jami'ai ke jira a gaɓa. A auna jirgi, a yi masa kuɗi, a karɓi taru da ƙugiyoyi, mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, don da yawa daga manyansu ba su yi makaranta ba. Daga nan sai a farfasa jirgin.

Gidan da aka koma, gaskiya ba abin rainawa ba ne. Ga famfo, ga wuta, ga makaranta kusa, ruwan sama ya daina zama abin fargaba, an kuma sa mutane cikin tsarin fansho. Yara su suka fi cin moriya. Amma dattijon da ya haura hamsin, wanda ya san ramin kowane kifi da lokacin kowace iska, a tudu ya koma ɗan koyo. Wasu sun sami aikin masana'anta, wasu kiwon kifi da ƙaguwa a kududdufi, wasu kuma aka ɗauke su sintiri a kogin, suna farautar masu kamun kifi a ɓoye. Ga kuɗin wuta da na ruwa duk wata. Kifin da a da ake miƙa hannu a ɗauko, yanzu sai an je kasuwa an yi ciniki.

A nan dai, masu sauraro, ina ganin an yi tuya an manta da albasa. Ba shakka masu kama kifi da lantarki da masu taru mai ƙananan idanu sun yi ɓarna. Sai dai madatsar Gezhouba da ta datse kogin a 1981, da babbar madatsar nan ta Three Gorges, da masu haƙar yashi a Poyang, da dagwalon masana'antu, duk da hannunsu a ciki. Madatsun suna nan daram, masunci ne aka ce ya tashi.

Ko kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu? Akwai alama. Wani ɗan'uwan dolfin mara fiffike a gadon baya, da aka ƙiyasta saura 1,012 a 2017, ya ƙaru zuwa 1,249 a ƙidayar 2022. Wa'adin dokar zai cika a ƙarshen 2030, lokacin da da yawa daga waɗanda suka miƙa jiragensu za su kai shekarun karɓar fansho, 'ya'yansu kuma sun riga sun kama wasu sana'o'in.