Ina Iyakar Ƙarya A Finafinan Kimiyya?

Duk wanda ya zauna jin tatsuniya ya san akwai yarjejeniya tsakaninsa da mai ba da labari. In an ce Gizo ya yi magana da sarki, ba mai tashi ya nemi shaida. Haka ɗan kallo yake yi a gaban majigi: yakan ajiye gardama a ƙofa, ya yarda da abin da aka nuna masa har a tashi. Marubutanmu ma sun san wannan hanya, domin tun a 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya kai yaro Bahaushe yawo sararin samaniya.

To, amma tatsuniya tana faɗa wa mai sauraro tun farko cewa ita tatsuniya ce. Fim ɗin kimiyya kuwa yakan zo da rigar malanta da na'urori da lissafi, har ɗalibi ya ɗauka darasi ake ba shi. Nan ne ya kamata a yi hattara.

Ga misali. A cikin Star Wars na 1977, jiragen sama suna ta ruri da fashewa a sararin samaniya. Alhali sauti ba ya tafiya sai ta cikin iska ko ruwa ko wani abu mai jiki, can kuwa babu iska, watau ko dutse ya fashe ba za a ji komai ba. Stanley Kubrick ya kiyaye wannan a fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey na 1968, ya bar sararin shiru. Duk da haka ƙaryar Star Wars ba ta cuci kowa ba, don babu ɗan kallon da zai dogara da ita a rayuwarsa.

Akwai wata ƙaryar da ta fi wannan nauyi. A finafinai da yawa guba takan fito da hayaƙi ko kore mai ƙyalli, wanda ta taɓa kuma ya faɗi nan take. Mutanen Sunke da Dareta da Bagega a ƙasar Anka, da na Yargalma a Bukkuyum, sun ga yadda gubar gaskiya take. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a waɗannan ƙauyuka. Bincike ya nuna dalma ce. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida da kwanukan abinci, yara suna rarrafe a kai suna kai hannu baki. Ƙurar nan ba ta da wari, ba ta kuma bambanta da sauran ƙasa a ido. A hankali take taruwa a jiki har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yara fiye da 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Saboda haka ma'aunin da ya dace ɗalibai da malamansu su riƙe shi ne: in an ɗauki wannan ƙarya aka fita da ita waje, wa za ta cuta? Wadda ta tsaya ga ƙawata labari a bar mai fim da ita. Wadda ta shafi ciwo da magani da guba kuwa, wajibi ne malamin kimiyya da ma'aikacin lafiya su warware ta a aji da dandali, tun kafin ta zauna a zukatan jama'a.