Gatanar yara da kiyaye daji a ƙasar Arewa

A Matankari, tsohuwar fadar sarakunan Arewa, wadda take arewa da Dogon Dutsi cikin Dallol Mauri, idan aka gama cin tuwon dare yara sukan kewaye kakanninsu domin su ji gatana. Nan suke jin wayon Gizo, da muguntar Dodo, da labarin maraya wanda ya shiga daji shi kaɗai ya komo lafiya. A cikin waɗannan labarai, tsamiya da kuka suna da masu su. Wanda ya sare su babu izini yakan gamu da wahala, wanda kuwa ya ji tausayin tsuntsu ko dabba yakan sami sakamako ranar da ya shiga uku.

Tsofaffi ba su faɗi haka a banza ba. Manomin Dallol ya san darajar gawo: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Yaron da ya tashi yana ganin girman itace ba zai yi saurin ɗora masa gatari ba.

Bayan farin 1973, gwamnati ta maida ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itace tun daga 1975, kuma a 1984 aka yi babban taron Maradi a kan yaƙi da hamada. Amma daga baya wata annoba ta shigo, wato leda. Tana maƙale a ƙaya, tana toshe hanyar ruwa, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa, sai mahauci ya iske ta a tumbi. A 2014 aka kafa dokar hana yin ledar da ba ta ruɓewa da shigo da ita, duk da haka kowace ranar kasuwa iska tana watsa ta cikin gonaki.

Gatanar kakanni ba ta san leda ba, domin a zamaninsu ƙwarya da faifai ne kayan aiki, idan sun tsufa su koma ƙasa. Saboda haka ana bukatar sababbin labarai, kuma ba sai an je nesa neman abin faɗi ba. Yaran Arewa suna ƙera mota da waya da gwangwani, suna ɗinka ƙwallo da tsumma. Suna ganin maƙera suna narka tsohon alminiyam su zuba tukunya, dukawa kuma suna yanka takalmi daga tsohuwar taya. Yarinyar da ta bi sawun abin da yake kashe awakin uwarta har ta gano shi, ta tara ƙawayenta suka raba unguwa da shi, ta isa a ba da labarinta kamar na kowane jarumi.

Akwai waɗanda suka share hanya. Marigayi Bubu Hama, tare da Andrée Clair, ya rubuta wa yara littattafai, cikinsu har da Le Baobab merveilleux a 1971. Abdullahi Mamani ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu a 1980, Med Hondo ya maida shi fim a 1986, duniya ta san Arewa. Sai dai littattafan da Faransanci suke, alhali tun 1973 aka fara gwajin karantar da yara da Hausa a Damagaram.

Aikin da ya rage yana hannun waɗanda suka kammala karatun yaƙi da jahilci. Su ne suke zaune kusa da tsofaffi, su ne kuma suka iya alƙalami. Idan kowannensu ya rubuta gatana ɗaya ta da, ya ƙaga ɗaya ta yau, malaman lakwal suka karanta wa yara, hukuma ta ɗauki nauyin bugawa, to, Matankari za ta sami littafinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.