Abin da fitina ta yi wa gonakin tattasai na Difa

Ƴan'uwa manoma, kun san tattasan Difa, wanda ake zubawa buhu-buhu a kasuwannin Damagaram da Maraɗi. A bakin kogin Kumadugu ake noma shi, da ban ruwa. Da kuɗinsa mutanen Manga suke sayen hatsi, su yi aure, su biya bashi. Na bakin tabkin Cadi kuwa, bandar kifi ce dukiyarsu.

A watan Fabrairu na 2015, ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur. Aka hana cinikin tattasai da na kifi, don an ce ƴan ta'adda suna karɓar haraji a kansu. Aka tsananta wajen sayar da mai da takin zamani. A watan Mayu aka tashi mutanen tsibiran tabki, suka bar jiragensu da komarsu.

To, ku duba abin da ya biyo baya. In babu mai, injin ban ruwa ba ya tashi. In babu taki, tattasai ba ya yin ƴaƴa. Wanda ya samu ya girbe ya rasa inda zai kai. Ɗan kabu-kabu ya zauna, ɗan dako ya zauna, mace mai tuyar ƙosai ranar kasuwa ta rasa masu saye. Magidancin da yake ciyar da baƙi ya koma zaune cikin bukka a gefen babbar hanya, yana jiran a raba tsaba. Makarantu da yawa sun rufe, yara suka yi asarar karatu.

An sake buɗe cinikin tattasai a 2017, na kifi a 2019. Amma wanda ya sayar da injinsa da bisashensa don ya ci abinci, da me zai koma gona?

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saurayin da ba shi da aikin yi, shi masu fitina suke fara ruɗa da kuɗi. Ku ba samarinku fili a fadama su yi noman rani. In rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, ku kai ta gaban mai gari tun ba a zare wuƙa ba. Baƙon da fitina ta koro kuwa, ku ara masa gona.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.