Fayilolin da farautar kuskure ke bari a baya

Mai rubuta manhaja ya kunna farautar kuskure daga cikin VS Code ko Vim, ya gyara layi biyu, ya rufe. Da ya buga `git status` sai ga sunayen da bai san da su ba: `.vscode/launch.json`, `.gdb_history`. A jakar gida kuma ga `.zcompdump`, wani lokaci har `.zshrc`.

Tushen abin shi ne manhajar rubutu ta daina aiki ita kaɗai. Vim 8.1, da ya fito a 2018, ya zo da tagar umarni a cikinsa da kuma Termdebug; VS Code ma tagarsa a ciki take. Danna maɓalli ɗaya sai ya tayar da zsh, ya tayar da GDB ko Python, kowanne da halinsa. Zsh idan bai tarar da fayil ɗin farawa ba, yakan ɗauka sabon mai amfani ne, ya nemi rubuta masa `.zshrc`. GDB kuwa, in an kunna ajiyar tarihi, a jakar da aka tayar da shi yake zubar da `.gdb_history`, kuma manhajar rubutun ce ta zaɓi jakar, ba mutumin ba.

Ɗigon da ke gaban sunan shi ke ɓoye su daga `ls`. Rob Pike ya bayyana a 2012 cewa wannan ɓoyewar ta samo asali ne daga wata gajeriyar hanya da aka bi a farkon Unix. Don rage tarin irin waɗannan ɓoyayyun fayiloli, ƙa'idar XDG ta daɗe da ware wa saituna `~/.config`, amma karɓarta sai a hankali: GDB sai a siga ta 11 a 2021, Vim a 2024.

Girman fayilolin ba abin damuwa ba ne. Abin da ke cikinsu ne ke tayar mini da hankali. Tarihin umarni yana riƙe duk abin da aka buga, har kalmar sirrin da aka gwada cikin gaggawa, `launch.json` kuma na iya ɗauke da mabuɗin shiga sabar. `git add .` ɗaya ya isa ya sa su cikin abin da za a tura GitHub. Sannan fayil ɗin saiti yana iya gudanar da umarni, don haka GDB ke ƙin karanta `.gdbinit` na jakar da ba a amince da ita ba, VS Code kuma tun 2021 yake tambaya ko ka yarda da masu aikin kafin ya bari a gudanar da irin wannan umarni.

Share su gaba ɗaya ma kuskure ne. `launch.json` mai tsabta yana sa abokan aiki su kunna manhaja iri ɗaya, gara a ajiye shi. Na tarihi da na wucin gadi kuwa sai a rubuta sunayensu a `~/.config/git/ignore`, inda rubutu ɗaya ke kare dukan ayyukan da ke kwamfutar. A ganina nauyin ya fi rataya a wuyan masu ƙera kayan aikin: manhajar da za ta rubuta fayil a jakar mutum, ta faɗa masa sunansa da inda ta ajiye shi a lokacin da take rubutawa.