Sanyin Wata Uku: Yadda Ake Renon Baƙin Tsirrai a Gaɓar Kogin Rahad

Idan watan Janairu ya kama, kasuwar Hawata takan cika maƙil da tumatur da albasa da ɗanyen ganye, har mai saye ya riƙa yanga, yana taya kwando guda da kuɗin da ba za su cika masa ɗan kwano ba cikin watan Yuni. Kaɗan ne daga cikinmu sukan tsaya su tambayi dalili. Dalilin kuwa shi ne, yawancin waɗannan kayan lambu baƙi ne a ƙasarmu, kuma ba sa jure zafinta. Abin da ke ba su damar rayuwa a nan shi ne ɗan sanyin da muke samu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda mu muke kira hunturu, maƙwabtanmu Larabawa kuma suke kira shita. Wata uku ne kacal, wani lokaci da 'yan kwanaki. Manomin da ya iya lissafinsu ya ci riba, wanda ya makara kuwa ya yi asarar iri da taki da kuɗin mai gaba ɗaya.

BAƘI DAGA NESA

Asalin tumatur da dankalin Turawa daga Kudancin Amurka ne, wajen duwatsun Andis, inda ƙasa take da tudu, dare kuma yake da sanyi. Latas da kabeji daga ƙasashen bakin Bahar Rum suka fito. Kowannensu ya zo mana da halinsa na gida, kuma bai bar shi a hanya ba.

Renon baƙon tsiro a inda ba gidansa ba tsohon aiki ne a duniya. Alal misali, cikin shekarun 1830 wani basarake a Ingila mai suna Wiliyam Kabendish ya sami 'ya'yan wata ayaba da aka kawo daga tsibirin Morishas. Mai kula da lambunsa, Yusuf Fakston, ya rene ta a cikin ɗakin gilashi ana hura mata wuta don kada sanyi ya kashe ta, har ta yi 'ya'ya. Daga nan aka laƙaba wa irin sunan basaraken. Gajeruwar ayabar nan da ake nomawa a Kasala da Sinja, wadda muke saye a kasuwa kullum, sunan nan take amsawa har yanzu a littattafan masana aikin gona.

To, su can sanyi suke kare tsiro daga gare shi. Mu a nan aikinmu kishiyar nasu ne: zafi muke ɓoye wa tsiro, har sanyi ya iso ya karɓe shi daga hannunmu.

Jama'armu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa a kan hanyar Makka, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Mai Wurno a 1906, sun zo da ilmin fadama da jigo da fangali. Da suka bazu a gaɓar Rahad, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Hawata a ƙarshen shekarun 1920, sai suka haɗa su da noman jarfi, wato shuka a kan danshin da kogi ya bari idan ya janye.

LISSAFIN KWANAKI

Ya kamata mu san abin da zafi yake yi wa tsiro, domin daga nan ne lissafin yake farawa. Tumatur yakan yi ganye shar ko da ana zafi, amma furensa ba ya ɗaukar ciki idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai huce ba. Sai ka ga furen ya bushe ya kakkaɓe, manomi yana zargin ƙwari ko baki, alhali zafi ne. Dankalin Turawa yana son ƙasa mai sanyin digiri 15 zuwa 20 kafin ya yi saiwa mai kauri, idan kuma ƙasar ta kai digiri 30 sai ya daina. Latas kuwa da ya ji zafi sai ya miƙe ya fid da kai, ganyensa ya yi ɗaci.

A wajenmu cikin Disamba da Janairu ne dare yake sauka ƙasa da digiri 20. Daga Maris zafi ya dawo ke nan, a Afrilu da Mayu kuma yakan wuce digiri 40. Saboda haka abin da ake nema shi ne furen tumatur ya faɗo daidai tsakiyar sanyi.

Sai mu ƙirga daga baya. Irin tumatur yana buƙatar mako huɗu zuwa biyar a wurin reno kafin dashe. Bayan dashe da kamar wata guda ya fara fure, bayan wata biyu zuwa biyu da rabi kuma a fara tsinka. Ke nan wanda ya zuba iri farkon Oktoba zai dasa farkon Nuwamba, ya ga fure cikin Disamba, ya yi ta tsinka Janairu da Fabrairu. Wanda ya jira sai ya ji sanyi a jikinsa sa'an nan ya zuba iri, to, furensa zai ci karo da zafin Maris. Albasa ta fi jan lokaci, don takan yi mako shida zuwa takwas a wurin reno, saboda haka ita ma Satumba ko Oktoba ne lokacinta.

Wahalar a nan take. Oktoba lokacin darat ne, wato kaka, kowa yana gonar riɗi yana yanka kafin ya fashe ya zube, ga dawa tana jira. Shi ya sa gidaje da yawa sukan makara. Gidan da ya ware mutum ɗaya, ko dattijo ne ko mace, ya ɗora masa kula da wurin reno a waɗannan makonni, shi ne yakan riga kowa kai kaya kasuwa. Da ma masu iya magana sun ce, da sanyin safiya ake kama fara.

RUMFA DA GIDAN SAURO

Tun da yake cikin zafi ake zuba iri, tilas ne a yi masa sanyin hannu. A tayar da fangali ya ɗan yi tudu don kada ragowar ruwan sama ya kwanta a kai, a gauraya ƙasar da yashin kogi da ruɓaɓɓen taki. A kafa rumfar kara ko zana a bisa, tsayin ƙugu, wadda za ta bar hasken safe da na yamma su shiga, ta tare na tsakar rana. A ba da ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Idan ya rage mako guda a yi dashe, sai a riƙa rage rumfar da ruwan kaɗan kaɗan, domin tsiron ya saba da rana. Dashen kansa da yamma ake yinsa, don tsiro ya sami dare guda ya farfaɗo.

Babban abokin gaba a wannan mataki shi ne ɗan farin ƙudan nan da ke maƙalewa a bayan ganye. Shi ne yake ɗauko cutar da ke sa ganyen tumatur ya nannaɗe ya yi ɗorawa, tsiro ya tsugune. Cutar ba ta da magani idan ta kama, kuma tsiron da ya kamu tun yana ƙarami ba ya yin abin kirki. Maganinta rigakafi ne: a lulluɓe wurin reno da tsohon gidan sauro, a danne gefensa da ƙasa. Amma fa tsoho muka ce. Kada a cire wanda yara suke kwana a ciki, domin mun san yadda zazzaɓin cizon sauro da kalazar suke a wannan yanki namu.

Akwai kuma tsutsar nan mai shiga cikin ganye da 'ya'yan tumatur, wadda ita ma daga Kudancin Amurka ta fito. Ita ce ta cinye gonakin tumatur a Kano da Kaduna cikin 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Duk ganye ko ɗan da aka ga ta huda, a tsinke a binne. Idan an gama girbi a tuge karan a ƙone. Wanda zai yi feshi kuma ya nemi maganin da aka yi don kayan lambu, ya kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Maganin auduga ba na abin da za a sa a miya ba ne.

ƘASA DA RUWA

Kogin Rahad daga duwatsun Habasha yake gangarowa, ya cika cikin damina, sa'an nan ya yanke ya zama tafkuna da rani. Madatsar Abu Rakham da babban aikin noman Rahad da aka buɗe a 1977 suna ƙasa da mu, saboda haka mai lambu a Hawata da tafki da rijiya da babur ɗin ban ruwa ya dogara. Ya kyautu ya auna ruwan tafkinsa tun farko, ya shuka daidai abin da zai iya shayarwa har Fabrairu. Rabin faddan da ya ƙoshi ya fi faddan biyu masu ƙishirwa.

Ƙasarmu iri biyu ce. Akwai lallausar ƙasar bakin kogi, akwai kuma baƙar lakar nan ta Gadarif mai tsagewa idan ta bushe. Karas da dankalin Turawa ba sa shiri da laka, don takan matse su, tsagar kuma takan buɗe wa ƙwari hanya zuwa saiwa. A bar musu bakin kogi. Tumatur da albasa sukan yi a laka idan an yi musu kunya kuma ba a bar ta ta tsage ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindin tsiro yana riƙe danshi, yana kuma sanyaya ƙasa. Darnin kara ta wajen arewa kuma yana tare busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta.

ABIN DA BA NAMU BA

Gaskiya ɗaya ce, sanyinmu yana da iyaka. Jabal Marra a Darfur ya haura mita 3,000, shi ya sa ake samun tuffa da lemon Abu Surra da dankali a can. Jos a Nijeriya tana kan tudun kamar mita 1,200, shi ya sa ta yi suna da dankalin Turawa. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kamar digiri 6, mu kuwa a kwari muke. Itacen tuffa yana buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyi mai tsanani kafin ya yi fure yadda ya kamata, abin da Hawata ba ta taɓa gani ba. Ko ful ɗin da muke karya kumallo da shi, a arewa wajen Dungula da Barbar ya fi yi, inda shita ta fi tsawo da ƙarfi. Wanda aka tallata masa dashen tuffa, gara ya sa kuɗinsa a mangwaro ko gwaba ko lemon tsami.

IRI A HANNU

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya koya mana darasi a kan iri. Cikin Disamba na wannan shekarar faɗa ya ci Madani, inda hedkwatar binciken aikin gona ta ƙasa da rumbun adana iri suke, aka wawashe su. A tsakiyar 2024 kuma mutanen Sinja da Dindir suka kwararo mana gudun hijira, bakin da za a ciyar ya ƙaru, hanyoyin da iri da mai suke biyowa suka toshe. Wanda yake da irinsa a kwalba a wannan lokaci bai roƙi kowa ba.

Sai dai a lura, iri biyu ne a kanti. Akwai haɗaɗɗen iri mai alamar F1 a jikin gwangwani, wanda yakan ba da amfani mai yawa amma 'ya'yansa ba sa gadon uwa, sai an sake saye kowace shekara. Akwai kuma irin da ake iya ajiyewa, kamar albasa Saggai da Kamlin da Baftem. Don ajiye irin tumatur, a zaɓi nunannun 'ya'ya daga tsiro mai lafiya, a matse ƙwayar cikin kwano, a bar ta kwana biyu ko uku ta yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da 'yar toka, a toshe. Albasa kuwa kawunan bana ake zaɓa a sake dasawa a sanyin baɗi su fid da iri.

BAYAN GIRBI

Tun da kowa lokaci ɗaya yake tsinka, farashi yakan faɗi ƙasa warwas. Dabara biyu muke da su, kuma dukansu na gida ne. Ta farko kauɗa: a yanka tumatur a shanya a kan tsabtatacciyar tabarma bisa rumfa, a ajiye har bazara lokacin da ɗanye ya gagara. Ta biyu tukunya cikin tukunya. Wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa ta cikin shekarun 1990, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, daga baya kuma ta shigo Darfur inda ake kiranta zir. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan yake bushewa sai ya janye zafi, tumatur ɗin da zai lalace cikin kwana biyu ko uku ya kai kusan mako uku.

Kiranmu ga 'yan'uwa na Hawata da Mafaza da ƙauyukan gaɓar kogi shi ne, a fara shirin hunturu tun damina ba ta ɗauke ba. A tanadi kara da taki da iri cikin Satumba, a zuba cikin Oktoba, matasa kuma su zauna da dattawan da suka san halin kowane tafki su koya tun suna raye. Allah ya ba mu sanyi mai albarka da zaman lafiya a ƙasa.